Hudar da Malam Badaru Ya Kasa Yi

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu, nan gabas da Zakirai, ya sha ruwan da aka jawo da gugan Malam Badaru. Mijin yayata Aina'u ne, shekararsu arba'in da ɗaya tare. Ni ce Furera, ƙanwarta, kuma in ana neman wanda ya san halin bawan Allahn nan ciki da bai, to a zo wurina, don haushinsa da na sha ya fi ruwan gugansa yawa.

Kada a ji ni ba daidai ba, ba mugu ba ne. Bai taɓa ɗaga wa Yaya murya ba, bai taɓa barin gidansa da yunwa ba. Matsalarsa ɗaya ce tal: ba ya iya ganin abu yana yoyo ya wuce. Wurin kawunsa ya koyi ɗinkin guga tun ana yi da fata, har aka koma robar taya, ya bi kasuwanni da jakar basillarsa rataye a kafaɗa. Da rijiyoyin burtsatse suka yawaita aka rage jan ruwa, sai ya koma facin jarka da buta da tiyon masu lambu. In ya gama faci sai ya barbaɗa toka a wurin, ya zauna ya zuba mata ido, in ta yi duhu ko kaɗan ya warware ya sake. Ran ɗaurin aurena shi aka ba wa goro ya kai masallaci. Mutane suka cika, liman ya gyara zama, shiru ba goro. Da aka bi sawunsa, can aka same shi a gindin tsamiya ya tare wani mai garwa da bai ma san sunansa ba, yana liƙe masa gindin garwa, ƙwaryar goro a gefe awaki suna shinshinawa. Har yau in na tuna masa sai ya ce, “Ai ruwan yana zuba ne, Furera.”

Auren nasu ma ta nan ya faro. Sau uku a wata guda gugan gidanmu yana hujewa, sau uku Baba yana aikawa a kira shi, a na ukun ya ga Yaya. Ya daɗe yana cewa bai taɓa ganin roba marar kirki irin ta gugan gidanmu ba.

Bara, bayan an gama kaka, Yaya ta faɗi a madafa. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren hagu. Na baro gidana na dawo jinya, da yake mijina ya rasu, yarana kuma sun girma. Da aka sallame mu daga asibiti, likitan da ke motsa mata gaɓoɓi ya ja ni gefe ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye. Ya ce ƙafar nan, abin da ta samu a watannin nan na farko shi ne nata, in aka bari ta sandare to ta sandare ke nan. Ya ce da za a samu ruwan da zai kai mata ƙirji ta riƙa takawa a ciki, da ya taimaka, don ruwa yana rage wa mutum nauyin jikinsa. Na yi dariya don takaici. Mu da kududdufin bayan gari ke ƙafewa tun kafin a gama sussuka, ina za mu ga ruwan da zai kai ƙirji?

Ita kuwa Yaya abu ɗaya take so a duniya. Wata safiya na ciccibe ta na kai ta banɗaki na dawo da ita, ta riƙe mini zane da hannunta mai lafiya, hawaye yana bin gefen bakinta da ya karkace. Ta ce, “Furera, ban roƙi Allah gudu ba. In dai ɗauki buta in kai kaina, in sakaya ƙofa da hannuna.” Matar da ta yi mini wanka ina yarinya ke nan. Na fita tsakar gida na yi kukana.

Autan su Yaya, Kamilu, shi ne ya kawo mafita. Aikin famfo yake yi a birni, unguwar Rijiyar Zaki, ya samu wani kwamin wanka na tampol a wani gida da ake tashi, irin wanda ake kafawa a doron ƙasa da ƙarafuna, mai kusurwa huɗu. Da zafi ya fara ya kawo shi a mota, ya kafa a bayan ɗakin Yaya, aka kewaye da zana, ya ja tiyo daga burtsatsen makarantar Islamiyya aka cika. Akwai ɗan inji mai aiki da sola, yana zuƙar ruwan ya tace, ya mayar da shi ta wani baki guda ɗaya da ke jikin tampol ɗin, kusa da tsani. Matan unguwa suka yi ta zuwa kallo, wasu suna tambaya ko kifi za mu kiwata.

Mako uku abin yana tafiya. Kullum da hantsi in shiga da ita, ta kama ƙarfen sama ta riƙa jan ƙafa. Da farko taku huɗu ta gaji, daga baya har tana zagaye kwamin. Malam Badaru kuwa aiki ya same shi, safe da yamma yana zagaye tampol da toka a hannu yana neman yoyo.

Sai kusurwar can ta gindin darbejiya ta fara kore. Nesa take da bakin da ke mayar da ruwa, ruwan wurin ba ya motsi, ganye ya taru, gansakuka ta kama ƙasan. In na goge yau, jibi ta dawo. Wata Laraba Yaya ta taka wurin, santsi ya kwashe ƙafarta mai lafiya, ta nutse gaba ɗaya. Da ƙyar na ɗago ta tana tari tana shaƙuwa, idonta ya firfito. Tun daga ranar ta ce ba ta ƙara shiga, ko an goge, don ƙafarta ta san santsin yana nan. Ban ga laifinta ba.

Na kira Kamilu, lokacin aiki ya kai shi kudu, sai ya yi wata guda kafin ya dawo. Ya ce, “Inna Furera, abin mai sauƙi ne. Baki ɗaya ya yi wa kwamin kaɗan. A ƙara na biyu a wannan kusurwar, ruwa ya riƙa bugawa ta can, gansakuka ba ta zama inda ruwa ke motsi.” Washegari ya sa abokin aikinsa ya ba Hashimu, direban da ke kai wake Dawanau, kayan ya kawo mana. Wani farin abu ne mai wuya da zare kamar bakin jarka, da zoben roba biyu, da abin murɗawa, da guntun tiyo da mahaɗarsa. Kamilu ya yi wa ubansa bayani a waya dalla-dalla: a rage ruwan, a yanke tampol daidai faɗin wuyan, a zura ta ciki, zobe ciki zobe waje, a murɗe, a haɗa tiyo. Ya ce, “Baba, wannan ai ko minti ashirin ba za ka yi ba.” Malam Badaru ya ce to.

Wannan “to” ɗin kwana goma sha biyu ta ci.

Ran farko ya haɗa tiyon tsaf, ya kai shi har gindin kusurwar, na ce alhamdu lillahi. Sannan ya ɗauko gawayi ya zana da'ira a jikin tampol, ya ja baya ya kalla, ya goge da yawu ya sake. Kashegari ya ce zoben da aka aiko ba shi da kauri, sai ya yanko nasa. Ya yanka guda tara! Ran na uku ya ce rana ta yi zafi, tampol ya yi laushi, zai iya zarcewa. Da sassafe na tashe shi, ya taɓa ya ce yanzu kuma ya yi tauri. Ya samo tsohon tampol na shanya barkono ya yi ta gwaji a kai, har ya mayar da shi rariya. Da na yi maganar rage ruwa ya ce haram a zubar, sai dai a kwashe da bokiti a kai wa dashen gwaiba, dashen kuma bai kamata ya sha da rana ba. Ran kasuwar Zakirai ya tafi neman wuƙa mai kaifi, alhali yana da guda biyar da za su iya aske gemu. Ya dawo da yamma ba wuƙa, wai ya tarar da tankin wani mai wankin babur yana yoyo.

Na ce, “Malam, don girman Allah, huda ɗaya ce! Huda ɗaya!”

Ya ce, “Furera, shekara hamsin ina toshe huda. Yau kuma a ce in sa wuƙa a jikin abin da ke riƙe da ruwa lafiya lau?”

Na ce to a kira wani. Akwai Sama'ilu mai gyaran famfo a bakin titi, ko shayi ba zai huce ba ya gama. Ya ɗaure fuska ya ce yana raye ba wanda zai taɓa kwamin nan, Sama'ilu ko buta bai iya liƙewa ba. Na ce ni zan yi da kaina. Daga ranar ya ɗauke farin abin ya jefa a aljihun gaba, da shi yake zuwa masallaci, in ya yi ruku'u ana ganin tudunsa. Gaskiya kuwa ko ya bar mini ban san ko zan iya ba. Sau biyu ina tsayawa gaban zanen nan da wuƙar yanka kuɓewa, in tuna nauyin ruwan da ke bayansa, in fasa. Amma ni ai ba sana'ata ba ce, shi fa?

Ana cikin haka ƙafar Yaya tana komawa. Kullum ina murza ta da man shanu, ina ji a hannuna. Yatsun suka fara lanƙwashewa ciki, agarar ta yi tauri, in na miƙe ƙafar sai ta cije baki. Abin da muka tara a mako uku yana zubewa ina kallo, shi ko mai toshe yoyo yana zaune a inuwa yana yanka zobe na goma. Na zage shi a zuciya, na zage shi a fili. Na ce masa in ƙafar nan ta mutu shi ya kashe ta. Ya dai ajiye tuwon da ke gabansa bai ƙara ko loma ba. Na ji ba daɗi, amma ban janye ba.

Yaya duk tana ji daga ɗaki. Ran na goma sha biyu da hantsi ta ce, “Furera, kai ni in ga zanen nan da ake ta faɗa a kai.” Na ɗora ta a kujerar roba, na ja ta har gindin kusurwar. Malam Badaru yana zaure yana ɗinke wa wata mata robar wanki, jakar kayan aikinsa kuwa tana rataye a jikin zana. Yaya ta daɗe tana kallon da'irar gawayin. Can ta ce, “Miƙo mini jakar Malam.” Na zaci wani abu za ta nema masa. Ta zura hannun dama ta lalubo ƙaramar wuƙar yankan roba, ta ce bismillahi, ta luma ta a tsakiyar zanen.

Innalillahi! Ruwa ya yi tsartuwa ya bugi ƙirjinta, ya jiƙa ni har fuska. Na ƙwalla ihu. Ita kuwa ko gezau, ta zare wuƙar ta ajiye a cinya, ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

“Malam! Kwaminka yana yoyo.”

Ban taɓa ganin dattijon nan ya yi gudu ba sai ranar. Hularsa ta faɗi a ƙofar madafa bai waiwaya ba. Ya danna tafin hannunsa a kan hudar, ya dubi wuƙa, ya dubi matarsa, sannan ya juyo kaina da wata murya da ban san yana da ita ba.

“Furera, ɗauki kwanon robar can! Shiga ciki ki kifa shi a kan hudar, ki danne!”

Na ce, “Ni? Da hijabina?”

“Shiga!”

Haka na hau tsani, mace mai jikoki shida, na faɗa ruwa da zane da hijabi da komai. Na ratsa har kusurwar, santsin ya kusa kwashe ni, na kama ƙarfe ina salati. Na kifa kwanon ta ciki, ruwan da kansa ya manne shi da tampol, tsartuwar ta tsaya. Ta sama nake leƙen ƙeyarsa. Mutumin da ya kwana goma sha biyu yana auna zafin rana, yanzu ko zanen bai tsaya dubawa ba. Ya karɓi wuƙar daga cinyar Yaya, ya zagaye da'irar da yanka ɗaya. Ya ciro farin abin daga aljihu, ya saka masa zobe, ya miƙo mini ta sama. Ya ce, “In na ce cire, ki cire kwanon ki zura wannan.” Ya ce cire, na cire. Ruwa ya kwararo masa a hannun riga, na tura wuyan ya ɓulla waje, ya cafke, ya sa zoben waje, ya murɗe, ya cusa tiyon da ke jira tun ran farko. Ko ruwan koko aka ɗora a lokacin bai isa ya tafasa ba. Kuma zoben da Kamilu ya aiko ya sa, nasa goman suna cikin jaka.

Ya goge wurin da gefen rigarsa, ya je madafa ya ɗebo toka ya barbaɗa. Mu uku muka zuba wa toka ido, ni a tsaye cikin ruwa hijabi ya manne mini a fuska. Tokar ta zauna fara fat. Ya tayar da inji, sai na ji ruwa yana bugun kwiɓina, ganyen darbejiyar da ya taru a kusurwar ya fara juyawa yana tafiya.

Sai a lokacin ya zauna daɓas cikin taɓo. Ya ce, “Da ya tsage har ƙasa fa, Aina'u? Ba mu da wani. Da ya tsage, a ina za ki taka?” Tun da nake, ban taɓa jin ya kira sunanta ba, kullum Innar yara ce.

Yaya ta ce, “Ai na san kana gida.”

Na goge kusurwar a ranar, gansakuka kuma ba ta ƙara dawowa ba. Kwana biyu bayan haka Yaya ta yarda ta shiga. Ƙafar ta koma baya sosai, taku uku ta tsaya tana haki, sai da muka yi mako biyu kafin ta kai inda ta faɗi. Da ta isa ta tsaya daidai inda sabon bakin ke bugawa, ta lumshe ido. Ni har lokacin ban huce ba. Na ce, “Yaya, ke ma dai da ganganci. Wa ya ba ki wannan dabarar?” Ta yi ɗan murmushinta na gefe guda. Ta ce, “Gugan gidanmu da ya huje sau uku a wata ɗaya, kin zaci ɓera ne?” Na saki baki ina kallonta. Ta ce in na kuskura na gaya masa ba ni ba ita. Ban gaya masa ba, kuma ba ya karatun boko, don haka ku ma ku yi shiru.

Ƙafar ba ta dawo yadda take ba. Yatsun nan da suka lanƙwashe a kwanakin da yake yanka zobe ba su ƙara miƙewa ba, tana jan ƙafar, kuma da sanda. Likita ya ce ba wanda zai iya cewa ko jinkirin ne ya jawo. Shi likita ya faɗi nasa, ni ma ina da nawa. Malam Badaru bai taɓa tayar da maganar ba, amma na sha ganinsa yana kallon sawun da ƙafar ke bari a tsakar gida, sannan ya sunkuyar da kai kan ɗinkinsa.

Farkon damina, wata safiya bayan ruwan dare, na fito zan kama ta kamar kullum. Ta ce, “Zauna.” Ta dogara sanda ta miƙe, ta rataya buta a yatsun hannun da ke riƙe da sandar, wata tsohuwar buta mai faci uku. Daga ƙofar ɗakinta zuwa banɗaki taku ashirin da biyu ne, na ƙirga su ina riƙe da numfashi. Malam Badaru yana zaune a kan turmi ya ba ta baya, guga a cinya, basilla a hannu, amma basillar ba ta motsi. Can muka ji ƙarar langalangar ƙofa, muka ji ta sa sakata da hannunta.

Ya sa gefen rawaninsa ya share fuska. Na ce masa, “Malam, yau kai ne kake yoyo, in kawo toka?” Ya ce in tafi in ba shi wuri.

Kwamin yana nan a bayan ɗaki, bakin nan biyu suna aiki, har matan unguwa masu ciwon gwiwa suna zuwa. Kullum da safe sai ya zagaye shi da tokarsa, ya fi daɗewa a kan hudar da matarsa ta yi masa. Ni dai kwana goma sha biyun nan har yau ban yafe masa ba, kuma ya sani.